Azarar Baba da Tagar Gabas

Da kakar bana shekara goma sha uku ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Dauda magini, mutumin Roni. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, ko da yake da alƙalami nake ci, don ni malamin makarantar elementare ne a Babura. Ba sananne ba ne balle a ce jarida ta san da zamansa. Bai riƙe sarauta ba, ko ta magina, kuma iyakar tafiyarsa Kano. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne, yayana Habu, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu, ya sayo kwano da katako ya jibge a zaure, ya ce da an gama girbi zai sauke ɗan benen da Baba ya ɗora a kan ɗakinsa, ya yi rufin zamani. Na so in yi masa magana baki da baki, na kasa. Yaya direban babbar mota ne, na kuma san duk tashar da ya yada zango sai ya nemi jaridar nan. To, ga maganar, ya karanta a can inda ba sai mun haɗa ido ba.

Ban ga laifinsa ba. Bangon gabas na ɗakin ya tsage tun daga ƙarƙashin taga har kusan ƙasa, kowace damina sai an yi masa faci, kowace damina sai facin ya zube. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Yaya kuwa shi ke biyan masu yaɓe. Abin da ya tsaya mini a rai wata magana ce da ya yi ran da aka sauke kwanon. Ya ɗaga kai ya dubi benen, ya ce, "Baba da saninsa, ya rasa inda zai buɗe taga sai gabas? Ai tsufa ne ya kama shi." Kowa ya san daga gabas hadari ke tasowa a ƙasarmu, daga can ruwa ke dukan gini, ko ɗan koyo ba ya buɗe taga ta wannan fuska. In aka bi ta ka'idar gini, Yaya ya yi gaskiya. Sai dai ba tsufa ba ne, kuma na gaji da riƙe abin da na sani ni kaɗai.

Gajiyar ma ta yi mini yawa kwanan nan. Alli ya cinye mini maƙogwaro, hanyar Babura zuwa gida a kan keke ta fara fin ƙarfin gwiwata, duk inda ka zauna kuwa ba a wata hira sai ta mulkin kai, kowa da bakinsa, kowa ya san yadda za a gyara ƙasa. Ni ko ɗaki ɗaya na kasa karewa. Bari dai in koma baya, in faɗi yadda aka yi benen nan ya hau kan wancan tsohon ɗaki.

Lokacin yaƙin Turawa na biyu aka ce kowace gunduma ta ba da samari. Yaya Habu yana cikin waɗanda aka tafi da su. Muka ji suna Kano, daga baya muka ji an tsallaka teku da su zuwa wata ƙasa wai ita Bama, daga nan kuma shiru. Shi ne ɗan fari a gidanmu, masu karatu kuwa sun san abin da wannan ke nufi. Innarmu Bafulatana ce daga wata ruga a wajen Gwiwa, kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, in ta matsu ta ce "ɗan gidan nan". Ko wani Habu ne ya yi sallama, sai ta ce ga mai sunan wancan ya zo. Baba ma haka, sai dai nasa ya zo da sauƙi, don shi dama ba mai yawan magana ba ne. Ni kuwa Sani, sunana ya sha kira har ya gaji. Na daɗe ina zaton ni ne na gaban goshi.

Ran da aka tafi da su, mata suka cika gidanmu jaje. Inna tana bakin turmi, ta ce, "Wa? Au, wancan? Allah ya tsare na kowa." Ta ci gaba da dakanta. Baba ya saɓa gizagonsa ya tafi wani aiki a bayan kasuwa. Wanda bai san mu ba zai ce gidan nan ba a yi rashin kowa ba. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Kafin shekara ta zagayo zannuwan Inna duk sun yi mata yawa.

Daga tsakar gidanmu ba a ganin komai sai katanga da sama. Matar aure kuwa ba ta tsayawa a ƙofar gida tana leƙen hanya, balle a ce ɗanta na fari take leƙe. Amma duk wanda ya taɓa hawa rufin ɗakin Baba gyaran indararo ya san daga can, ta gabas, ana hango hanyar Kazaure tun daga inda ta ɓullo tsakanin duwatsu har ta shigo gari. Duk mai zuwa daga Kano ta nan zai biyo.

Ina gida hutun makarantar da nake koyarwa, wata safiya bayan an ɗauke ruwa, Inna ta kawo wa Baba koko ta durƙusa, ba ta tashi ba kamar yadda ta saba. Ta ce, "Malam, awaki sun hana ni shanya. Kuka kuma in ta sha rana ja take yi. Da za a sami wani ɗan wuri a sama mai inuwa, da na huta."

Magina na da suna da wata tambaya da ba sa fara aikin sama sai sun yi ta. Sukan ce, kayan da zai hau mai kwanciya ne ko mai tafiya? Don buhun hatsi, duk nauyinsa, in an ajiye shi ya zauna ke nan, azara ta san abin da ta ɗauka ta haƙura. Ƙafar mutum kuwa dannawa take yi ta saki, ta dawo ta sake dannawa. Baba ya kurɓi kokonsa ya ce, "Kuka ba ta da nauyi. Wa zai riƙa kai ta?"

"Ni ce."

"Ran Juma'a zuwa ran Juma'a?"

"Kuka tana son juyi, Malam."

"Kullum ke nan."

"Yadda dai ta samu."

Baba ya ce, "Wuri mai inuwa yana son taga. Ta ina kike ganin iska ta fi shigowa?" Inna ta dubi ƙasa ta ce, "Ni dai ina jin ta gabas." Matar magini ce shekara kusan talatin, ta san abin da ta faɗa, shi ma ya sani. Ya ce to, ya miƙa mata ƙwaryar. Iyakar shawarar da aka yi ke nan a kan benen, a gabana aka yi ta, kuma ban fahimci komai ba a ranar.

Aikin ba ƙarami ba ne. Ɗakin, kakanmu ne ya gina shi, faɗinsa kamu bakwai, rufinsa kuwa irin wanda ake yi don ruwan sama kawai, siraran azara da aka jera aka lafta wa ƙasa. Mai gyaran indararo ma da rarrafe yake bin gefe. Azara, wato tsagin kututturen giginya, tana da iyakarta: in tazarar da za ta tsallaka ba abin tokare ta ta wuce kamu huɗu, sai ta fara lotsawa a tsakiya, ko da ba a taka ta ba. Ga shi ana so a taka, kullum. In aka ce a sa masu kauri sosai, tsohon bango zai buɗe baki. In aka sa marasa kauri don tausayin bango, wata rana Inna za ta faɗo ta cikin rufi. Tsakanin waɗannan biyun Baba ya yi mako yana zagaya ɗakin, yana dafa bango, yana auna shi da hannunsa daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa.

Ga kuma dokar daji da ta shigo a zamanin, ba a sare giginya sai da izini. Malamin daji ya ba shi izinin itace ɗaya tak. Saboda haka bai yi gaggawar zaɓe ba. Muka bi shi fadama ni da abokin aikinsa Tanko, wani mai barkwanci da suka yi shekara da shekaru suna cuɗa ƙasa tare. Baba ya wuce duk matan giginya, masu 'ya'ya, don ya ce cikinsu taushi gare shi, gara mai cin itace ma ta sani. Namiji yake nema, tsoho, wanda in ka buge shi da bayan gatari zai amsa maka da ƙara kamar ka bugi dutse. Da ya same shi aka kayar, bai ɗauki komai daga sama inda kututturen ya kumbura ba, sai gindin. Aka tsaga, ya sa gizago ya feƙe farin ciki ya bar baƙin baya mai tauri. Tanko yana fifita da hula yana yi wa itacen kirari, wai giginya na nesa ka sha inuwarki. Baba bai yi dariya ba. Na ga gizagon ya tsaya a hannunsa na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da fiƙa.

Da azarar ta sha iska ta bushe, sai gwaji. Wannan shi ne abin da na fi tunawa da shi, don yau ba na ganin mai yi. Yakan aza azara a kan duwatsu biyu, tazararsu daidai da inda za ta zauna a ɗaki, ya ɗora ƙwarya cike da ruwa a tsakiyarta, sannan ya hau ya taka daga wannan kai zuwa wancan. In ruwan ya yi rawa bai zuba ba, ta ci. In ya fantsalo, sai ya ture ta gefe ya ce ta rufin akurki ce. Wadda ta zubar da ruwa a kwance, wani lokaci in ya juya ta a kan gefenta sai ta riƙe, don azara ta fi ƙarfi a tsaye kan haƙarƙarinta. Kusan rabin abin da aka tsago bai ci wannan jarrabawa ba, abin da ya rage kuwa gajeru ne, ba wadda za ta tsallaka kamu bakwai.

Sai ya yi abin da ya ba kowa mamaki. Ya kafa ginshiƙi a tsakiyar ɗakin kwanansa, ya raba faɗin biyu. Ɗakin da dama ba yalwa gare shi ba ya koma sai an karkace kafin a kai ga gado. Ya ɗaure azara huɗu wuri ɗaya da igiya ya yi uwar rufi a kan ginshiƙin, ya haƙa gurabu a bango ya shimfiɗa faffaɗan dutse a kowane gurbi don kada kan azara ya nutse cikin tsohuwar ƙasa, sannan ya jera gajerun, kowace a kan gefenta, tsakaninsu faɗin tafin hannu. Da ya zo kusurwar gabas, inda tagar za ta zauna, sai ya matse su har suna gugar juna.

Tanko ya ce, "Malam Dauda, wannan kukar taku a taga za ta riƙa tsayuwa?"

Baba ya ce, "Ƙafar da ke komawa wuri ɗaya ita ke gajiyar da azara. Miƙo igiya."

Bayan an shimfiɗa zana aka zo zuba ƙasa, nan ma suka saɓa. Tanko ya ce azara irin wannan ai sai a lafta mata daɓe mai kauri. Baba ya ce a'a, yatsa uku ya isa, tunda jinka za a ɗora a sama ruwa ba zai taɓa daɓen ba, bangon mahaifinsa kuma ba zai ɗauki ƙari ba. Hujja ce mai kyau, Tanko ya karɓa. Amma da aka ɗaga gajeren bangon sama, ya ga Baba ya bar ƙofar taga tana kallon gabas, sai ya ajiye tubalin da ke hannunsa ya ce wallahi ba za a ce da shi aka yi wannan ba. Ya kuwa yaɗa a gari. Magina suka yi ta yi wa Baba dariya a bayan ido, har wani mai kuɗi da ya yi masa alkawarin aikin zaure ya janye. Baba mutum ne da ba shi da wata dukiya sai sunansa na gwani, ya ji duk abin da ake faɗa, bai ce uffan ba. Ya gina matakala a jikin bango, ya kuma kafa doka cewa ba yaron da zai hau.

Daga ranar, kullum bayan la'asar Inna takan ɗauki faifai ta hau juya kuka. Ba ta saukowa sai an kusa kiran magariba. Da rani, lokacin da ba ganye ko ɗaya a kan kuka, sai ta ce albasa take dubawa. Ba wanda ya taɓa tambayarta. Da damina in hadari ya taso takan toshe tagar da tsohuwar tabarma, ruwa ya bi ta gefe ya gangara cikin bango. Baba yakan yi faci da kansa, da sassafe kafin mutane su fito.

Nakan zauna in ce, da Baba zai dawo yau ya ga katakon da ke zaurenmu, me zai ce? Ina jin zai ɗauki ɗaya ya juya, ya yaba yadda injin ya yanke shi sumul, don shi ba mai ƙin sabon abu ba ne. Kwano ma ba zai kushe ba, ya sha wahalar yoyo ya san daɗin rufin da ba ya buƙatar yaɓe. Abin da zai ɗaure masa kai shi ne yadda kafinta ke zuwa da awonsa a ka, inci kaza da inci kaza, iri ɗaya ga ɗakin amarya da kantin Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, da ofishin alƙali, ya gama ya tafi bai tambayi wa zai zauna a ciki ba. Ban ce aikinsu ba ya ƙarko ba. Amma na tsaya kan masu gini da yawa a Babura, ban ji wanda ya tambayi mai gida ko kayansa mai kwanciya ne ko mai tafiya ba. Wataƙila ma yanzu ba a bukatar tambayar, mutane sun koyi faɗin abin da suke so kai tsaye. 'Ya'yana suna kiran ɗan farinsu da sunansa a gabana, har su ɗora shi a cinya. Ban hana ba, ban kuma saba ba.

Shekara biyu bayan gama benen ciwon ƙirji ya kwantar da Baba. Aka aiko mini na zo. Wata la'asar ina zaune kusa da shi a jikin ginshiƙin nan, yana ba ni labarin wani masallaci da suka taɓa rufawa a Kazaure, sai ya katse maganar a tsakiya. Na ɗauka numfashi ne ya sarƙe. Ashe saurare yake. Sai a lokacin na ji abin da yake ji: taku a samanmu, a fili, ɗaya bayan ɗaya, har ana iya gane inda diddige ya sauka. Takun ya nufi gabas ya tsaya. Baba ya rufe ido, ya daina motsi. Aka daɗe. Can sai takun ya juyo a hankali, ya ɗan zagaya, ya koma.

Baba ya buɗe ido ya ce, "Masu itace ne. In masu itace ne haka take juyowa."

Ya ƙara da cewa, "In ta ga mai kaya a ka shi kaɗai, takan matsa gaba taku ɗaya. Jiya an yi ɗaya." Sai ya juyo ya dube ni sosai, abin da ba ya yawan yi, ya ce, "Sani, kada ka gaya mata ana ji. In ta sani ba za ta ƙara hawa ba."

Nan na gane daɓen yatsa uku. Bangon kakanmu gaskiya ne ba zai ɗauki nauyi ba, amma ba shi kaɗai ba ne dalili. Baba namiji ne, yana iya fita ya zauna a bakin hanya, amma da wane ido? Gari duka zai ce ga Malam Dauda can yana jiran ɗansa na fari. Sai ya auna azara yadda za ta riƙe Inna, ya auna ƙasa yadda ba za ta ɓoye masa takunta ba, ya zauna a ƙasa yana duban hanya da ƙafafun matarsa. Shekara biyu suna jiran mutum ɗaya a ɗaki ɗaya, ita a sama shi a ƙasa, ba wanda ya ce wa wani komai. Ran nan na fita bayan gida na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa, har da ɗan kishi a ciki.

Ko da jikinsa ya yi tsanani, in la'asar ta yi ya ga Inna ta zauna jinya, sai ya ce, "Kukarki za ta yi fumfuna." Ta tashi ta hau. A cikin kakar nan ya cika, bai ji takun da yake jira ba. Aka rufe ɗakinsa, aka mai da shi wurin ajiyar tarkace.

Yaya ya dawo bayan an gama yaƙi, da rani, da akwatin ƙarfe a ka. Inna tana sama ran nan, ita ta fara ganinsa. Matar maƙwabcinmu ta ce ta ga saukowarta, ba gudu ba gaggawa, ta shige ɗakinta ta saki labule, ta ce a ba baƙo ruwa. Da ya durƙusa a bakin ƙofa yana gaishe ta, ta amsa daga ciki kamar wanda ya dawo daga kasuwa. Tun daga ranar ba ta sake taka matakalar nan ba, kukarta ta koma shanya a tsakar gida tare da awaki. Yaya bai ga komai a ciki ba, ya san al'ada. Ya tarar da bene da taga a gabas da bango mai tsagewa, aka kuma ba shi labarin dariyar da magina suka yi. Abin da ya sani ke nan har yau.

Na riƙe amanar Baba shekara goma sha uku. Abin da ya kwance mini baki ya faru ne makon jiya. Ɗakin Inna ya yi yoyo da daminar bana, aka share ɗakin Baba aka mai da ita can. Ta tsufa, gwiwa ta ƙi, ido ya yi rauni, yawanci tana zaune ne ta jingina da ginshiƙi. Na zo gida na tarar Yaya ma ya zo, zai hau sama ya auna yawan kwanon da zai shiga. Ina zaune wurin Inna muna hirar tsadar gero, ya hau. Shi ne mutum na farko da ya taka daɓen nan alhali tana ƙasa.

Takun soja ne, mai nauyi, azara ko gezau. Amma ana jin kowane ɗaya. Inna ta bar maganar gero. Ta ɗaga kai ta bi takun da ido daga wannan bango zuwa wancan, har ya je kusurwar gabas ya tsaya daidai inda ta saba tsayawa.

Ta ce, "Sani, ashe ana ji?"

Na ce, "Ana ji, Inna."

"Tun da can?"

"Tun da can."

Ta dubi inda gadon Baba yake a da, ta daɗe tana dubawa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Yaya ya leƙo ta taga ya ɗaga murya, ya ce azara kam lafiya lau kamar jiya aka sa, amma bango ya gama yawo. Muka ji ya nufo matakala. Sai Inna ta taɓa ni ta ce ƙasa-ƙasa, "Je ka ce wa wancan bai auna da kyau ba. Ya koma ya sake." Na fita na faɗa masa. Ya yi tsaki, ya ce awo nawa za a yi wa ɗaki ɗaya, amma ya koma. Da na dawo na same ta ta rufe ido, tafin hannunta a jikin ginshiƙi.

In an tambaye ni abin da ya rage na Malam Dauda, ba zan ce gine-ginensa ba. Zaurukan da ya yi yawancinsu an rushe, masallacin da yake alfahari da shi an yi masa kwano, Tanko da sauran masu dariya duk sun bi shi. Benen nan ma ƙasa ce, ko ba a sauke shi bana ba wata damina za ta sauke shi. Abin da na ga ya rage shi ne, mutum ya ji abin da matarsa ta kasa faɗa, ya biya mata bukata ba tare da ya sa ta faɗa ba, ya yarda a kira shi wanda ya manta sana'arsa don kada asirinta ya tonu. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci fiye da ɗakin da ya ƙuntata wa kansa.

Yaya, ka yafe mini da na kawo maganar gida jarida. Ba tsufa ba ne ya buɗe tagar nan, kai ne. Gidan a hannunka yake, kwano ka riga ka saya, bangon kuma gaskiyarka ce ya gaji, ni ma na gaji, ba zan yi jayayya da kai ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ka bar benen tsaye muddin Inna tana raye, facin bana da na baɗi ni zan yi. Kuma duk ran da motarka ta biyo da kai gida, kada ka ce mata komai, don ba za ta amsa ba. Ka jira la'asar, ka ɗauki igiyarka, ka hau ka sake awo.